Na ci, na amayar, na zagi kaina: wai tausaya wa kai shagwaɓa ce?

Anty Hadiza (mai kula da zaure): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙanwarmu ce ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta. Na sa shi yadda ta rubuto. Don Allah wadda ba ta da alherin faɗa ta wuce kawai.

"Anty, shekarata 24. Abin ya samo asali ne daga bikin yayata. Mun je gwajin anko, sai telar ta ce a gaban ƙawayen amarya wai ni yadi huɗu ba zai ishe ni ba. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Daga ranar na daina karin kumallo, a hankali na daina cin na rana. Sai in wuni a kan ruwa da shayi ba madara. Amma da dare, in gida ya yi tsit, sai in shiga kicin in ci duk abin da na tarar: ragowar tuwo, burodi, cincin ɗin da Umma ta ajiye wa baƙi. Ina ci kamar ana bi na da bulala, ko ɗanɗano ba na ji. In na gama in shiga bayi in amayar, in fito in tsaya gaban madubi ina zagin kaina, irin zagin da ko maƙiyina ba zan yi wa ba. Yau shekara uku ke nan. Umma ta ɗauka olsa ce, na sha magani har na gaji, an yi min rubutu ma. Watan jiya na daure na ga wata likita, ta ce sunan ciwon bulimiya. Cikin abubuwan da ta ce in riƙa yi har da wai in dinga yi wa kaina magana yadda zan yi wa ƙanwata da a ce ita ce a wannan hali. Anty ni fa tsoro nake ji. Zagin nan shi kaɗai ne linzamin da ya rage min. In na sassauta wa kaina ba sai in lalace gaba ɗaya ba? Wannan ba shagwaɓa kai ba ne?"

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Wallahi har na yi ƙwalla. Ita kuma telar, Allah ya shirye ta.

Gwaggo Rabi: To ni dai zan faɗi gaskiya ko za a ji haushi. 'Yata, ƙoshi ne ke damunki. Ki je asibitin yara ki ga waɗanda tamowa ta kama, uwa na kuka ba ta da ko kamun koko, ke kuma Allah ya ba ki kina zubarwa a masai. A zamaninmu wa ya san wani bulimiya? Tuwo ne in an tuƙa ki ci ki gode Allah. Kuma likitar da ta ce ki lallashi kanki ba ta kyauta miki ba. Rai dangin goro ne, na yarda, amma ita zuciya in ba a tsawata mata ba sai ta hau kan mutum.

Zulai Nas: Gwaggo, da girmanki, amma a nan kin yi kuskure. Ina aiki a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda na gani da irin wannan ba duka ne 'ya'yan masu hali ba. Na ga 'yar mai sayar da awara. Abin da ya sa kike ganin babu shi a da, sunan ne babu. A kan ce yarinya tana da tsandar ci, ko an yi mata sammu, ko olsa, kamar yadda aka ce wa wannan baiwar Allah. Su kansu Turawa sai a 1979 wani likita a Landan, Gerald Russell, ya bayyana bulimiya a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ɗan'uwansa anoreksiya, wanda mutum ke ƙaurace wa abinci har ya ƙare, shi an san shi tun 1873. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da ire-iren waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Duka ƙoshi ne ya dame su?

Gwaggo Rabi: Miliyan 14 ɗin nawa ne Hausawa? Ku dai 'yan boko komai sai kun raɗa masa suna.

Balki Maraɗi: Gwaggo ina yini. Ni tawa matsalar juyin tata ce, amma da na karanta sai na ga kamar ni ta rubuta. Ni siririya ce tun tashina. Da aka sa ranar aurena dangin miji suka fara cewa amaryar kamar sillen kara. Wata ƙawata ta kawo min sha-ka-fashe, na yi wata huɗu ina sha, ina tura abinci ko ba na jin yunwa har sai na ji kamar zan mutu. Fuska ta kumbura, kowa na cewa aure ya karɓe ni. Ni kuwa kullum da dare kuka nake, ina ce wa kaina ke ba mace ba ce, ko jiki kin kasa yi sai da ƙwaya. Ita ana mata dariyar ƙiba, ni ana min dariyar rama, amma zagin da muke wa kanmu iri ɗaya ne. To Gwaggo ni ma ƙoshi ne?

Zulai Nas: Balki, da yawa daga ƙwayoyin nan deksametason ne. Kumburin da yake sawa ba lafiya ba ce, yana tayar da suga da hawan jini, yana cin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage mata a hankali. Kin daina dai ko?

Balki Maraɗi: Na daina tun bara Anty, a likita aka rage min kamar yadda kika ce. Alhamdu lillahi.

Fa'iza K.: Bari in koma kan ainihin tambayar, don ita ce ba a amsa ba. Ina karatun halayyar ɗan Adam a Ingila, ban zama ƙwararriya ba tukuna, abin da na karanta zan faɗa.

'Yar'uwa, kin ce zagin ne linzaminki. To ki duba da kanki: shekara uku kina riƙe da linzamin nan, dokin ya tsaya? Ki bi abin daki-daki. Kin wuni ba ki ci ba. Jikin da ya wuni da yunwa dole ya nemi abinci da ƙarfi in dare ya yi, wannan ba rashin tarbiyya ba ne, haka aka halicci jiki. A 1944 zuwa 1945 wani masani, Ancel Keys, ya yi gwaji a Jami'ar Minisota ta Amurka da maza 36 masu ƙoshin lafiya waɗanda suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata shida. Mutanen da ba su taɓa samun matsala da abinci ba suka koma ba su da hira sai ta abinci, wasu suna tara littattafan girki, ga baƙin rai ga saurin fushi. Da aka sakar musu abinci wasu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa har ya dame su. Maza ne fa, ba wanda tela ta yi wa dariya. Yunwa kaɗai ta yi musu haka.

To ke bayan yunwar ta tura ki kicin, sai ki hukunta kanki da zagi. Zagin ya haifar da kunya da ƙunci, ki ce gobe ko ruwa ba zan sha ba don in rama. Gobe da dare a koma gidan jiya. Zagin da kike gani kamar shi ke riƙe da ke, yana cikin abin da ke juya ki a wuri ɗaya kamar raƙumin ban-ruwa.

Akwai wani ɗan gwaji da nake so. A 2007 wasu masana halayya, Claire Adams da Mark Leary, suka ba ɗalibai mata wani soyayyen fulawa mai sukari, ɗan'uwan fanke, suka ci. Wasu aka ce musu kar ku takura wa kanku, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci. Wasu ba a ce musu komai ba. Daga nan aka ajiye musu alewa wai su ɗanɗana. A cikin masu takura wa kansu kan abinci, waɗanda aka kwantar wa hankali sun fi cin kaɗan. Waɗanda aka bari da jin laifi su ne suka fi kwasa. Wato abin da kike tsoro, akasinsa aka gani.

Gwaggo Rabi: Yanzu da fanke da alewa za a kafa mana hujja?

Fa'iza K.: Gwaggo kin ba ni dariya. Gaskiyarki, ƙaramin gwaji ne, kuma ɗalibai ne ba marasa lafiya ba. Amma an yi nazari a kan marasa lafiyar ma. Allison Kelly da abokan aikinta a Kanada sun bi masu karɓar magani, suka ga waɗanda ba sa tausaya wa kansu kuma suke tsoron yin hakan su ne suka fi jinkirin samun sauƙi. Tsoron da ƙanwarmu ta faɗa sananne ne, ba ita kaɗai ke ji ba.

Hauwa'u Jos: Ni inda na tsaya shi ne maganar addini. Almubazzaranci fa haramun ne, Allah ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Kuma sharaɗin tuba nadama ce. In mutum ya ce ba komai, kowa na yi, ina nadamar take? Ina Malama Ummu Safwan, a warware mana.

Ummu Safwan: Na'am Hauwa'u, ina biye da ku. Da farko, wanda ciwo ya rinjaya ba a auna shi da ma'aunin mai lafiya. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Wannan yarinya ba don jin daɗi take amai ba, ku sake karanta saƙonta, ta ce ko ɗanɗano ba ta ji.

Na biyu, nadama daban, wulaƙanta kai daban. Nadama ita ce ki ce abin nan da na yi bai dace ba, Allah ka taimake ni in bari. Wulaƙanta kai shi ne ki ce ni ƙazama ce, ni banza ce, ba ni da amfani. Ta farko tana mai da bawa ga Ubangijinsa, na biyu yanke ƙauna yake haifarwa, kuma an hana mu yanke ƙauna daga rahamar Allah. A cikin Bukhari akwai mutumin da aka kawo saboda shan giya, bayan an hukunta shi wani ya ce Allah ya kunyata ka. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. To in an hana ki taya Shaiɗan a kan ɗan'uwanki, wa ya halatta miki ki taya shi a kan kanki? Akwai ma hadisin Nana A'isha da ya hana mutum ya ce raina ya ƙazanta, aka ce ya zaɓi kalma mai sauƙi da ke nuna ransa ya ɓaci ko ya cushe. Ma'anar kusan ɗaya ce, kalmar ce aka ƙi. Har lafazin da mutum zai siffanta kansa da shi shari'a ta kula.

Kuma Gwaggo, Allah ya ƙara girma, hadisin da ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka an faɗe shi ne ga sahabin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare. Mai tsananta wa kansa don ibada ma an ce ya sassauta, balle mai yi don maganar tela.

Hauwa'u Jos: Jazakillahu khairan Malama. Amma dai kar a buɗe ƙofa kowa ya ce shi mara lafiya ne.

Ummu Safwan: Shi ya sa akwai likita. Ita ai ta je an duba ta.

Asma'u Ɗanbatta: Ni fa ina ganin Gwaggo tana da 'yar gaskiya ta wani ɓangaren. Yanzu a Instagram da TikTok kowa "ki so kanki, ki so kanki", ana sayar da man shafawa da shayin rage tumbi da wannan kalmar. Wadda ta ce ki so kanki ita ce a bidiyo na gaba za ta tallata miki ɗamarar matse ciki. In wannan ne tausayin kai, a kai kasuwa.

Fa'iza K.: Asma'u na yarda da ke ɗari bisa ɗari, kuma ba shi ake nufi ba. Kristin Neff ta Jami'ar Tekzas, wadda ta fara auna wannan abu a 2003, ba ta ce ki yabi kanki ko ki ga kin fi kowa kyau ba. Cewa ta yi ki kyautata wa kanki a lokacin wahala, ki tuna ba ke kaɗai ce mai rauni ba, ki kuma kalli ciwon yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ki ɗauki uwa da ɗanta mara lafiya. Uwar da ke tausayinsa ita ce ke danne shi ta ɗura masa magani mai ɗaci yana kuka. Wadda ta ce bar shi kar ya yi kuka, ita ce mai shagwaɓawa. Ga ƙanwarmu, tausayin kai shi ne ta zauna ta karya kumallo gobe da safe duk da muryar da ke ce mata ba ki cancanta ba. Wannan ya fi zagin kai wuya nesa ba kusa ba.

Maganar waya kuma, akwai tsibirin Fiji, mutanen da su ma kamar mu suke son mace mai jiki. Talabijin ya isa wani yankinsu a 1995. Wata masaniya, Anne Becker, ta yi nazarin 'yan matan makaranta a can, a farko ba ta samu mai amai don rage ƙiba ba, zuwa 1998 kusan kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi. Mu kuma an haɗa mana biyu: a gida a ce ki yi jiki, a waya a ce ki shafe ciki.

Zulai Nas: Ina jin daɗin bayanin nan, amma ku bar ni in ɗan zuba ruwan sanyi. Tausayin kai ba ya mayar da sinadarin fotasiyam da amai ke fitarwa daga jini, kuma in ya yi ƙasa sosai zuciya na iya rikicewa ko ta tsaya, ko da mutum a ido lafiyarsa ƙalau. Mafi yawan masu bulimiya ba ramammu ba ne, shi ya sa gida ba a ganewa. Ƙanwata, ki roƙi likitarki a yi miki gwajin jini in ba a yi ba. In kika ji zuciya na bugawa ba daidai ba, ko jiri, ko kika suma, ko kika ga jini a amai, asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Ruwan tsamin ciki da ke biyo amai yana cin haƙora, don haka in abin ya faru ki kurkure baki da ruwa, kar ki goge da buroshi nan take. Abin da aka fi farawa da shi a magani shi ne cin abinci a kan lokaci, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, kar a bar ciki ya wuce awa uku zuwa huɗu. Akwai kuma zaman tattaunawa da masanin halayya, wani lokaci da ƙwayar magani.

Ga masu karantawa a ɓoye, don na san akwai: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Maman Hanif: To azumi fa? Ramadan na tafe.

Zulai Nas: Tambaya mai muhimmanci. Wuni ba ci sannan a buɗe baki da abinci mai yawa, shi ne daidai yanayin da ke tayar da ciwon. Wasu suna iyawa da tsari, wasu yana mayar da su baya sosai. Likitarta ce za ta faɗa, ba mu ba.

Ummu Safwan: In likita amintacciya ta ce zai cutar da ita, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne. Sai dai a sanar da mahaifiyarta, kar ta riƙa ɓuya tana ci kamar mai laifi, don ɓuyan nan shi ne abincin ciwon.

Anty Hadiza (mai kula da zaure): Mai saƙo ta sake rubutowa:

"Na karanta duka, har na Gwaggo, kuma ban ji haushi ba don abin da take faɗa shi nake faɗa wa kaina kullum, har ma nawa ya fi zafi. Jiya da dare abin ya sake faruwa. Na tsaya gaban madubin, na tuna ƙanwata Auta, na ce da ita ce me zan ce mata. Wallahi bakina ya kasa furta komai mai daɗi, ji na yi kamar ƙarya zan yi. Abin da na iya kawai shi ne ban yi zagin ba. Na wanke fuska na kwanta. Yau da safe na sha koko da ƙosai biyu, ina sha hannuna na rawa. Ban sani ba ko wannan ci gaba ne. Umma ce ban san ta inda zan fara mata ba."

Fa'iza K.: Jin kamar ƙarya kike yi, kusan kowa haka yake ji a farko. Paul Gilbert, wanda ya tsara hanyar magani ta tausayi a Ingila, saboda masu tsananin kunya da sukar kai ya tsara ta, don ya lura suna iya faɗin magana mai kyau a baki amma a zuci da muryar faɗa suke jin ta. Ba sai kin yabi kanki ba. Shirun ma ki faɗa wa likitarki, za ta so ta ji.

Balki Maraɗi: Koko da ƙosai biyu! Allah ya ƙara lafiya 'yar'uwa. Ni ranar da na fara kallon madubi ban ce komai ba, na fi wata shida da daina ƙwaya.

Gwaggo Rabi: Ni dai har yanzu ban yarda da maganar fanke da alewa ba. Amma 'yata, da kika ce abin da na faɗa shi kike faɗa wa kanki har naki ya fi zafi, jikina ya yi sanyi. Ni sau ɗaya na faɗa, ke shekara uku. Maganar Ummanki kuma kar ki tare ta ke kaɗai, mu iyaye in abu ya ba mu tsoro faɗa muke fara yi. Ki nemi wata babba da take jin maganarta, ƙanwarta ko aminiyarta, ku je tare, kuma a bari sai bayan la'asar ta gama aikin gida. Kar a ce mata ciwon ƙwaƙwalwa da farko, a ce likita na son ganinta.

Zulai Nas: Wannan shawarar ta Gwaggo ta fi duk abin da na rubuta. Anty Hadiza, ki tambaye ta ko an yi gwajin jinin.

Anty Hadiza (mai kula da zaure): Ta ce ba a yi ba, ranar Talata za ta koma. Ta ce akwai ƙanwar Ummanta da suke shiri, amma tana Zariya sai ƙarshen wata za ta zo. Kuma mutum huɗu sun turo min saƙo ta bayan fage tun ɗazu, ɗaya a kan ƙaninta ne namiji. Zulai, in kin tashi daga aiki ki duba wayarki.